Yadda ake gina samfurin kwamfuta na makamashin tsokar zuciya ga mai ciwon bawul

Tsokar zuciya rayuwar hannu baka hannu ƙwarya take yi. ATP ɗin da ke cikinta a kowane lokaci, wato sinadarin da take kashewa a duk bugu, zai ƙare cikin kamar daƙiƙa 10 in aka daina ƙera sabo, amma a yini guda tana juya kusan kilo 6 nasa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari daga mitokondiriya yake fitowa, wato ƙananan injinan makamashi da ke cikin ƙwayar tsoka, kuma su kaɗai sun cinye kusan sulusin girman kowace ƙwayar tsokar. To idan bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya, ya lalace, aikin ya ƙaru, tambayar da nake so samfuri ya amsa min guda ɗaya ce: tsakanin abin da wannan zuciyar take buƙata tana hutawa da iyakar abin da za ta iya ƙerawa in an matsa mata, nawa ya rage? Wannan rarar ita nake bi. Yawan ATP a lokacin hutu ba ya faɗa maka komai da wuri, domin zuciya tana riƙe shi daram har sai ciwo ya yi nisa.

Ka fara da ɓangaren buƙata. Mutane da yawa suna garzayawa wajen enzayim, wato furotin da ke hanzarta sarrafa sinadarai, su bar wannan a baya, ni kuwa a nan nake daɗewa, saboda a nan ne ciwon bawul biyu, tsukewar bawul ɗin ayota da yoyon bawul ɗin mitiral, suka rabu.

Idan bawul ɗin ayota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ya tsuke, ɗakin hagu na ƙasa yana tura jini ta ƙaramar kafa, matsi ya hau. Likitoci suna kiransa mai tsanani idan faɗin kafar ya gaza santimita murabba'i 1, ko gudun jini ya kai mita 4 a daƙiƙa, ko matsakaicin bambancin matsi tsakanin gaban bawul da bayansa ya kai 40 mmHg. Duk waɗannan suna cikin rahoton eko na majiyyaci, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ba sai ka auna da kanka ba. Daga gudun jini kana iya fitar da bambancin matsi da lissafin Bernoulli da aka sauƙaƙa: ninka gudun da kansa, sannan ka ninka da 4. Mita 4.5 a daƙiƙa ya ba ka 81 mmHg a ƙololuwa. Abin da ba na so ka manta shi ne, hawan jinin da aka auna a hannu ba shi ne matsin da ke cikin ɗakin zuciya ba. Sai ka ɗora bambancin matsin bawul a kai.

Ga misali na lissafi kawai. Dokar Laplace ta ce nauyin da bango ke ɗauka shi ne matsi sau rabin faɗin ɗaki, a raba da ninkin kaurin bango. Lafiyayyar zuciya: matsi 120, rabin faɗi santimita 2.5, kauri santimita 1, ka samu 150. Bawul ya tsuke, matsi ya koma 180, sai lissafi ya hau zuwa 225. Zuciya ta mayar da martani, bango ya yi kauri zuwa santimita 1.5, lissafi ya dawo 150 cif. Wanda ya tsaya a nan zai ce an yi maganin matsala. Amma yanzu tsoka ta ƙaru sosai, duk giram ɗinta yana neman iskar oksijin, ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su ƙaru daidai da haka ba, kuma matsin cikin ɗaki yana danne waɗanda ke layin ciki na bango. Don haka ka lissafa buƙata sau biyu, a kan kowane giram da kuma a kan ɗakin gaba ɗaya. Labarinsu yakan sha bamban.

Yoyon bawul ɗin mitiral, wanda ke tsakanin ɗakin hagu na sama da na ƙasa, wani abu ne daban. Wani kaso na jini yana komawa baya zuwa ɗakin sama inda matsi ba shi da yawa, ɗakin ƙasa ya buɗe ya ƙara faɗi. Kason jinin da ake cewa zuciya ta fitar a kowane bugu yakan yi kyau a takarda, har ya ruɗi mutum. A samfurinka ka sa dukkan jinin da ɗakin ya tura, wanda ya tafi gaba da wanda ya koma baya, domin tsoka ta biya kuɗin duka biyun.

Don mayar da aikin bugu zuwa buƙatar makamashi, ka jingina da binciken Hiroyuki Suga na ƙasar Japan, wanda ya nuna cewa filin da zanen matsi da girman ɗaki ya kewaye, haɗe da ƙarfin da ya rage a tsoka a ƙarshen matsewa, yana tafiya a miƙe da oksijin ɗin da zuciya ke sha a kowane bugu. Ka ninka da yawan bugu a minti. Ka tuna cewa kamar kashi 60 zuwa 70 na ATP ne ke tafiya wajen matsewa, sauran kuwa famfunan kalsiyam da sodiyam ne ke cinye shi, ko da zuciya ba ta tura komai ba.

Sai ɓangaren ƙera ATP. A nan za ka zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu. Akwai lissafin daidaiton kwarara, wanda ake yi da manhaja irin COBRApy: yana ɗaukar dubban matakan sinadarai, yana gudu da sauri, amma bai san yadda wani sinadari ke danne wani enzayim ba. Akwai kuma samfurin saurin enzayim, inda kowane mataki yake da lissafinsa irin na Michaelis da Menten na 1913. Ga ciwon bawul na fi son na biyun, duk da wahalarsa, saboda rarar da muke nema sarrafawar enzayim ce ke yanke ta. Kada ka fara daga tushe. Samfurin mitokondiriyar zuciya na Cortassa na 2003 da na Beard na 2005 sun daɗe a hannun masu bincike, kuma rumbunan BioModels da CellML cike suke da irinsu. A 2021 wani rukuni a asibitin jami'a na Charité da ke Balin ya wallafa samfurin CARDIOKIN1 a mujallar Circulation, wanda aka gina don wannan tambayar ta ciwon bawul. Ka karanta shi kafin ka rubuta layi ɗaya.

Mafi ƙarancin abin da samfurin zai ƙunsa: shigar kitse cikin mitokondiriya ta enzayim ɗin CPT1 tare da yadda sinadarin malonil-CoA ke toshe shi, farfasa kitsen, farfasa gulukos, ƙofar PDH (enzayim ɗin da ke shigar da abin da ya fito daga gulukos cikin zagayen Krebs), laktet da kiton, zagayen Krebs, jerin matakan numfashi, sai kuma enzayim ɗin kiriyatin da ke ajiye ƙarfi a PCr, wato fosfokiriyatin. Kitse da gulukos suna danne juna, abin da Randle ya bayyana tun 1963, kuma samfurin da bai nuna wannan ba bai kai a ɗora masa majiyyaci ba.

Kafin ka sa bayanan kowa, ka gwada shi a kan lafiyayyar zuciya. Ina da gwaje-gwaje da ba na tsallakewa. Jimillar ATP da ADP da AMP (abin da ATP ke komawa in an kashe shi) kada ta motsa tsawon gudun samfurin, haka jimillar NAD da NADH, masu ɗaukar lantarki zuwa matakan numfashi. In ta motsa, akwai alamar ragi ko tarawa da ta kauce a lissafinka. A lokacin da ba a ci abinci ba kitse ya zama shi ne babban abincin tsokar. Shan oksijin a hutu ya faɗa wajen mililita 8 zuwa 10 a minti ga kowane giram 100. PCr a raba da ATP ya tsaya kusa da 2. Sannan gwajin da na fi so: ka ba shi gulukos kaɗai, ka ba shi palmitet, wani nau'in kitse, kaɗai. Gulukos ɗaya yana cin oksijin 6 ya ba da ATP kamar 31, palmitet ɗaya yana cin 23 ya ba da kamar 106. Ka raba, za ka ga gulukos ya fi arhar oksijin da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ga bango mai kauri da jini ba ya isarsa, wannan ɗan bambancin ba ƙarami ba ne, kuma yana cikin dalilan da ake kawowa na karkatar irin wannan zuciyar zuwa gulukos.

Wata magana a gefe: waɗannan lissafe-lissafen suna da taurin kai, wasu matakan na faruwa cikin ƙiftawar ido wasu na ɗaukar mintoci. In kana aiki da Python, ka zaɓi hanyar warware lissafi ta BDF ko LSODA a SciPy. Manhajar COPASI kuma tana yin wannan da kanta.

Yanzu majiyyaci. Ana samun ɗan guntun tsokar zuciya ne a lokacin tiyatar bawul, da yardar mai ita da izinin kwamitin ɗa'a, a auna yawan kowane furotin da na'urar auna nauyin sinadarai. Dabarar mai sauƙi ce: iyakar saurin kowane enzayim a samfurin, ka ninka shi da yawan furotin ɗin majiyyaci a raba da matsakaicin na lafiyayyu. In enzayim ɗinsa kashi 70 ne na lafiyayyu, iyakar saurinsa ta koma 0.7 na asali. Sauƙin nan ne ke sa a yi sakaci. Tsukewar ayota tana zuwa da tabo a tsoka, kuma guntun da tabo ya yi yawa a cikinsa zai nuna kamar duk enzayim sun ragu alhali ƙwayoyin tsoka ne suka yi kaɗan a ciki. Ka daidaita da furotin na ƙwayar tsoka tukuna. Yawan furotin kuma ba ya nufin yana aiki: PDH na iya kasancewa da yawa amma an kashe shi da fosfet. Su kansu lafiyayyun da ake kwatantawa da su, galibi zukatan gudummawa ne da ba a dasa ba, waɗanda suka bi ta injin numfashi da magunguna. Sannan ka sa gulukos da kitse da laktet da kiton na jinin majiyyacin kansa in akwai su, musamman mai ciwon sukari.

Da an haɗa komai, sai ka matsa wa samfurin. Ka riƙa ƙara buƙatar ATP kaɗan-kaɗan, kana barin sa ya zauna a kowane mataki, har ka kai inda ƙerawa ta daina hawa. Ka lura da ƙarfin da fasa ATP ke bayarwa, wanda a lafiyayyar zuciya yake wajen kilojul 60 a kowane mol. Famfon da ke mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa yana buƙatar mafi yawansa, shi ya sa sakin tsoka yakan fara lalacewa kafin matsewa. Iyakar da ka samu, ka cire buƙatar hutu da ka lissafa a farko. Abin da ya rage shi ne rarar wannan mutumin. Ka sake gudun sau biyu, ɗaya da oksijin a wadace ɗaya a taƙaice, domin zuciya tana kwashe kusan kashi 70 na oksijin ɗin jinin da ya ratsa ta tun tana hutawa, ba ta da wata hanyar ƙari sai ƙarin kwararar jini.

Kada ka ba da lamba ɗaya tak. Ka girgiza kowane ma'auni sama da ƙasa, ka gudu sau da yawa, ka ga waɗanne ne ke jan sakamakon, ka bayar da rarar a matsayin tazara. In akwai awon PCr a kan ATP na majiyyatan da aka yi da na'urar MRI mai karanta fosforas, ka ɓoye shi har sai samfurin ya gama hasashe, sannan ka kwatanta. Irin wannan samfurin kayan bincike ne har yanzu; lokacin tiyata alamun ciwo da eko ne ke yanke shi, a hannun likitan zuciya. Inda yake da amfani nan take shi ne tambayar "da a ce": ka bar enzayim ɗin majiyyaci yadda suke, ka sauke matsin ɗaki daga 180 zuwa 130 kamar an canja bawul, ka duba rarar nawa ta dawo daga sauke nauyi kaɗai, nawa kuma ke jiran tsokar ta sake gina kanta. Ka ajiye samfurin a tsarin SBML, wanda ake musayar irin waɗannan samfuran da shi, kowane ma'auni da awonsa da inda ka samo shi, yadda wani zai iya maimaita gudun a kwamfutarsa.