Yadda za ka gane hakin daji da hurenshi kafin ka kai shi tukunya

In damina ta zauna, watan 8 zuwa na 9, ka bi gulbin Maradi ko hanyar Madarumfa ko'ina hure ne, amma dan Allah kar ka tsaya ga kala kaɗai, nan ne yaranmu ke ruɗewa. Tafasa da rai ɗore duk hurensu ruwan ɗorawa ne, ɗaya ana kwaɗo da ita da ƙuli-ƙuli, ɗayan 'ya'yanshi na cutar da dabba in ta ci da yawa.

Fara da ganye, duƙa ka ƙirga. Tafasa ƙananan ganye 6 gare ta, biyu-biyu suna kallon juna, bakinsu a zagaye, da dare ma sai ka ga sun rufe. Rai ɗore nashi sun fi yawa, 8 ko 10 haka, bakinsu da tsini, in ka murza da yatsa wani wari ne mai nauyi ke tashi. Gasaya ita ba wuya, ganye 5 kamar tafin hannu da farin hure.

Sai ka duba kwanso. Na tafasa siriri ne dogo a lanƙwashe, na rai ɗore ya fi faɗi kuma a baje yake.

Bayan nan karya ɗan reshe ka ga mi ke hita. In farin ruwa ne kamar nono, ganye manya masu kauri, hure fari da ɗan shuni a baki, to tumfafiya ce, wanke hannunka kafin ka taɓa ido don wallahi ruwan nan ba abin wasa ba ne.

Masu hure kamar bakin kakaki su ne suka fi damuna. Yoɗo hurenta kamar na riɗi yake, ka murza ganyen da ruwa zai yi yauƙi, miya ce. Duman kada yaɗo yake yi bakin ruwa, makiyaya ba su son bisashe su ci. Zaƙami kuma hure fari babba, ɗanshi ƙwallo ne mai ƙaya, guba ce zalla, ka gani kusa da gida ka tumɓuke kafin yara su samu.

Lura da inda abin ya tsiro. Bado cikin tabki yake. Hure ja-ja mai kyau gindin hatsi ko dawa ƙuduji ne, saiwarshi manne take da ta hatsin tana tsotse shi, cire shi tun bai zubda iri ba, don irin na shekaru cikin ƙasa bai mutu ba.

Wanda ya gagare ka, ɗauki hoto da waya, ganye daban, hure daban, kwanso daban, ka kai ma iyayenmu mata masu saida haki a kasuwa ko wani dattijon makiyayi. Ni haka nake yi, kuma har sai mutum biyu sun faɗa min suna ɗaya nake yarda a dafa.