Kafin Ka Sayi Fenti, Hau Rufin Gidan

Gidan da na saya a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, tsohon gini ne, ɗaki 3 da falo, da rijiya a tsakar gida da bishiyar gwaiba a bakin zaure. Shekara 11 na yi ina haya kafin Allah ya hore mini shi, to ka san zumuɗi. Mako biyu da karɓar makulli na sa aka shimfiɗa tayil a falo, aka shafe bango da fenti ruwan madara, aka ɗaura sababbin labule. A Fabrairu ke nan. Da Agusta ta kama, fentin ya fara kumbura yana ɓarewa tun daga daɓe har zuwa gwiwa, silin na kusurwar gabas ya yi baƙi ya lanƙwaso, ɗakin yara kuma ya ɗauki wani warin danshi da ko turaren wuta bai kore shi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don guminmu ne ni da maiɗakina.

Kawuna, wanda ya tsufa a aikin gini, shi ya zo ya duba. Ya zagaya gidan sau biyu bai ce uffan ba, ya ƙwanƙwasa bango da bayan makulli, ya tsaya ya daɗe yana kallon inda ruwan titi ke gangarowa. Sai ya ce, "Ɗana, ruwa ka bari a baya. A garin nan sai ka sallami ruwa tukuna ake maganar kwalliya." Tsarin da ya ɗora ni a kai shi zan ba ka.

Amma takarda tukuna, kafin buhun siminti ko ɗaya ya shiga gidan. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har 'yan'uwa mata da ke aure a wani gari, mai unguwa kuma ya shaida. Ka je ofishin PLAGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar Filato, a bincika maka sunan da ke kan filin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka gida mai takardar C of O, wato shaidar mallakar fili, ba ya komawa sunanka a hukumance sai da amincewarsa. Ka kuma nemi takardun wuta na JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, ka ga ko akwai tsohon bashi, a warware shi da mai sayarwa tun kuɗinka na hannunka.

In da hali, ka je gidan ana tsaka da ruwan sama. Jos na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012, wadda ta ci fiye da mutum 30 a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka tsaya da lema ka ga inda ruwan unguwa ke bi. Ka duba katangar maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa a jikin bango. In da rani ka sayi gidan, tambayi tsofaffin layin, za su faɗa maka gaskiya.

Daga nan sai rufi. Da tsakar rana ka sa tsani ka leƙa cikin silin, ka kashe tocila. Duk inda ka ga haske ya tsiyayo, nan ruwa ke shiga. Ka riƙe ƙusa mai inci 4 ka riƙa caka katakon rufin. In ta nutse ba wuya, gara ta gama da shi, ko da daga waje yana nan kamar lafiyayye. Ni da na yi haka, katako 9 na ƙirga da suka zama gari, kuma a ƙarƙashinsu 'ya'yana ke kwana. Idan za ka sayo sabo a kasuwar Katako, ka nemi busasshe, don ɗanye yana murɗewa bayan an buga kwano ya buɗe bakin ƙusa. A shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kowane gefe, kafin kafinta ya hau da shi.

Kwano kuma kada ka bi araha, araha ba ta ado. Na alminiyon akwai mai kaurin milimita 0.45 akwai 0.55, kuma ka sa a auna a gabanka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a rasit. Garin nan ana ƙanƙara, siririn kwano lotsewa yake yi. Iskar farkon damina kuma ita ce ke yaye rufi, don haka a ɗaure katakon da jikin bango da langalanga ko rodi, kada a bar shi a kan ƙusa kaɗai. Bakin rufin ya fito aƙalla ƙafa 2 don ya kare bango daga feshi. Rufin yayi ɗin nan da ake ɓoye kwano a bayan bango yana da kyan gani, amma ni ban ba ka shawararsa a Jos ba: ganye kaɗan ya toshe indararo, ruwan cikin ɗaki zai dawo. In tsohon silin ɗin na asbestos ne, a jiƙa shi a cire shi ɗai-ɗai ba tare da an farfasa ba, masu aikin su rufe hanci, don ƙurarsa na lalata huhu.

Ruwa na biyu daga ƙasa yake tasowa, shi ne ya ci fentina. Tsofaffin gidaje da yawa an gina su ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe ba, ga shi shekara da shekaru ana ciko a titi har ƙasar waje ta fi ta ɗaki tudu. Bango sai ya riƙa shan ruwa kamar lagwani. Abin da muka yi shi ne, muka kwashe ƙasar da ta hau jikin bango, muka zuba kankare mai faɗin ƙafa 3 kewaye da gidan, da ɗan gangare zuwa waje, muka fitar da kwata har lambatu. A ciki muka sassaƙe filasta zuwa tsayin mita 1, muka bar bulo tsirara ya sha iskar rani, sannan aka sake filasta da garin hana ruwa a cikin kwaɓin. Za a ce maka ka manna tayil a bangon kawai ka huta. Kada ka yarda. Danshin ba ya tafiya, hawa yake yi ya ɓullo a saman tayil ɗin.

Ka auna tsakanin rijiya da ramin masai. Mita 15 shi ne mafi ƙaranci, in an samu 30 ya fi. In filin bai kai ba, ko ramin maƙwabci na jingine da katangarka, ruwan rijiyar ya tsaya a wanki da wanka.

Tsagar bango iri biyu ce. Siririya kamar gashi ta filasta ce, ba abin tashin hankali ba. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har tsinke na shiga, ita ce abin lura. Ka shafa mata siminti kaɗan ka rubuta kwanan wata a gefe. In ta sake buɗewa, ginin na motsi, sai injiniya. Haka nan rushe bango don faɗaɗa falo, ko ɗora bene a kan tsohon tushe: kada ka yi da shawarar birkila kaɗai, komai ƙwarewarsa. Ka kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ka kai zanen hukumar tsara birnin Jos, JMDB, ta amince. Makarantar da ta rufta a unguwar Busa Buji a Yulin 2024 ta ci rai 22, akasari yara. Tun daga ranar ba na iya yin shiru in na ga ana ɗora bene da ka.

Sai abubuwan da bango zai haɗiye, wato waya da bututu. Mu mutanen Jos muna jona hita da abin dafa ruwa da sanyi, tsohuwar waya ba ta ɗauka, gobarar hunturu da yawa daga nan take tashi. Wajen kaurin waya, fitilu mai lamba 1.5, soket 2.5, hitar wanka 4 kuma da layinta daban. Ka kankare bakin wayar da reza a shago: in cikinta ya yi fari, rini aka yi mata, ba jan ƙarfe ba ce. A kafa sandar at, wato ƙarfen da ke sauke wutar da ta zille zuwa ƙasa. Ko ba ka da kuɗin sola yanzu, ka sa a bar bututun da wayarta za ta bi, don kada gobe a fasa maka bango. Bututun ruwa kuma a cika tanki a toshe bakunan a bar shi ya kwana, in babu ɗigo sannan a rufe. Kafin a yi filasta ka ɗauki hoton kowane bango da wayar salularka. Ranar da za ka buga ƙusar labule za ka gode wa hoton nan.

Wajen kwaɓi ka tsaya da kanka. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne. Kankaren linta da ginshiƙi, buhu 1 yana cin kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, kada a wuce haka. Yashi ka damƙa a tafin hannu. In ya bar maka jan laka, ƙasa ta yi yawa a ciki. Ka tambayi mai tifa inda ya ɗebo, domin yashin da ya rage a wuraren wankin kuza yakan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, bai dace da ɗakin kwana ba. Lokacin aiki mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa Maris, sai dai iskar hunturu na busar da filasta kafin ta kama. A riƙa ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7, fenti kuma ya jira kamar mako 4.

Maganar kuɗi da ma'aikata, a nan ma na ƙone. Wani mai aiki ya karɓi kusan duk kuɗin jingarsa a matsayin kafin alƙalami, ya yi kwana biyu, ban sake ganinsa ba sai da aka haɗa da manya. Yanzu kaya ni nake saya, kuɗin hannu kuma kashi uku nake rabawa, na ƙarshe sai na duba aiki na gamsu. Mai aikin kirki kuma ka biya shi a ranar da ka yi alkawari, haƙƙinsa ne. Kafin ka ba mutum aiki ka je ka ga gidan da ya yi shekara biyu da suka wuce, wanda damina ta riga ta gwada. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka ka manta da shi, don tsohon gida sai an buɗe ake sanin cikinsa. Farashi ma ba ya jira. A farkon 2024 buhun siminti ya tsallake naira 10,000 a wurare da yawa cikin 'yan makonni. Duk da haka kada ka tara siminti, yana dunƙulewa da danshi. Abin da ake saya a ajiye shi ne rodi da kwano da waya da tayil, shi ma tayil ka ƙara kashi 10 cikin 100, don launin ba lalle ka sake samunsa ba.

Ka zauna da matar gida kafin a ja layin famfo. Ni a bakin zaure na so sa shi, maiɗakina ta ce a kai shi kusa da kicin, a ɗaga wurin wanke-wanke zuwa ƙugu, a yi rumfar shanya saboda damina. Duk ta fi ni gaskiya, don ita ke yini a gidan. Ita ce kuma ta hana a sa tayil a ɗakin Inna, saboda sanyin Disamba yana kama mata ƙafa. Daɓe aka goge aka shimfiɗa leda da darduma. Tagogi masu gilashi jere-jere muka canja da masu rufuwa ruf, amma kowane ɗaki mun bar masa 'yar kafar iska a sama. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, kuma mutanenmu ba sa rabuwa da shi in sanyi ya tsananta.

Mu ɗaki ɗaya da banɗaki da kicin muka fara kammalawa, muka tattara a ciki, sauran aka bi su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da albashi ya bari. Falon kuwa da filasta tsirara ya ci damina guda cur, baƙi na zuwa suna zama a haka. Kowane ruwa in ya ɗauke nakan dafa bangon da tafin hannu, daga daɓe zuwa gwiwa. Da Oktoba ta fita ban ji sanyin danshi ko sau ɗaya ba, Kawu ya zo ya sake ƙwanƙwasawa da makullinsa, ya ce to yanzu a kira mai fenti.