Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙanƙara a Unguwarku

Duk shekara sai na ga 'yan uwanmu sababbin zuwa Kanada sun fita da waya a sanyin farko don su ɗauki hoton da za su tura gida. Abin da ido ya gani fari fat yana sheƙi, sai ya fito toka-toka kamar an ɗauka cikin hazon Kano. Ni ma haka ta faru da ni a Ottawa shekarata ta farko. Kuma ba sai ka yi tafiya ba, bishiyar ƙofar gidanku da shingen maƙwabta sun isa.

Fara da duba hasashen yanayi tun da daddare. Abu biyu kake jira: ko dai ruwan saman da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu, ya lulluɓe kowane reshe da ƙanƙara garai-garai kamar gilashi, ko kuma daren da sama ta yi wasai babu iska, inda ake wayar gari gefen ganye ya yi ƙananan allurai farare, musamman kusa da rafi. Wannan ta biyun ba ta jiran kowa, rana na ɗagawa ta narke. A Janairu rana kan fito nan wajen bakwai da rabi, don haka in ka idar da Asuba kada ka koma bargo.

To ga inda kowa ke faɗuwa. Ma'aunin hasken kyamara an ƙera shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi ba. Idan ya ga fili ya cika da fari sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage da kansa. Kai za ka gyara masa. A kyamara, nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka kai shi +1, in dusar ƙanƙara ta cika hoton har +2. A waya, taɓa reshen a allo, ka ja 'yar alamar ranar nan sama kaɗan-kaɗan. Kada ka zarce: da ka ga ƙyallin ƙanƙarar ya ɓace ya koma farin takarda, dawo baya. Na taɓa ɓata safiya guda cur ina murna da abin da nake gani a allo, ashe hasken waje ke ruɗina. Yanzu sai na kāre allon da rigata na duba kafin na matsa.

Sai tsayuwa. Ni ba na ɗaukar ƙanƙara rana tana bayana, ko kaɗan. Fuskanci ranar a karkace, hasken ya ratso ta cikin ƙanƙarar, sannan ka zagaya har ka samu abu mai duhu a bayan reshen, inuwar gini ko bishiyar da ba ta zubar da ganye. Matsa kusa sosai, reshe ɗaya ya fi bishiya goma. Ɗan gilashin nan mai arha da ake maƙalawa a kyamarar waya don ɗaukar abu daga kusa ya wadatar, kada wani ya sa ka sayi mai tsada. Amma riƙe numfashi, hucinka kaɗai yana narkar da allurai, ya kuma dusashe gilashi.

Kada ka tsaya ƙarƙashin babban reshe. Nauyin ƙanƙarar ruwan sama mai daskarewa ne ya kakkarya turakun lantarki a Quebec da gabashin Ontario a Janairun 1998.

Sanyi na shan batir, saka na biyu a aljihun ciki. Kafin ka shiga gida, jefa kyamarar cikin leda ka ɗaure tun a waje, ka bar ta awa ɗaya ko biyu, in ba haka ba za ta yi gumi har ciki. Wajen gyara kuwa, rage shuɗin inuwa kaɗan kawai ka tura.