Yadda za ka shirya tafiya Agadez

Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. Amma ka tafi da bargo da rawani, don sanyin daren hunturu a nan yana shiga ƙashi.

Daga Damagaram ana bi ta Tanout da Aderbissinat, kusan kilomita 450. Tashi da asuba, kada dare ya same ka a hanya. Ɗauki jarkar ruwa, tayar safaya biyu, da kuɗin sefa a hannu.

In za ka wuce gari zuwa duwatsun Azbin, sai da jagora ɗan ƙasa da izinin hukuma. A cikin rairayi rage iskar taya. Taya mai tauri ita ke nutsewa ta kafe.