Yadda za ka mayar da filinka daji tare da mutanen ƙauye

'Yan'uwa da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna da fili a hanyar Offinso ko wajen Ejura, an saya an bari. Ni ma ina da guda. In kana son tsuntsaye da gada su dawo cikinsa, kada ka fara da sayen dashe. Fara da gaisuwa.

Je wurin odikro, wato mai garin ƙauyen, ka tafi da wani dattijon zango da ya san shi. Ka faɗa masa a gaban jama'a cewa ba galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, za ka yi ba, ba kuma hana matan ƙauye itacen girki ka zo yi ba. Daga nan ka nemi maharba da masu yin gawayi, don su ne suka san inda gada ke shan ruwa, kuma su ne za su iya ɓata maka aikin a dare ɗaya. Ka ɗauki ɗayansu gadi, ka riƙa biyansa kan lokaci. Haka mutanen Wechiau suke kare dorinar kogin Black Volta, haka na Boabeng da Fiema suke yi da birai: masu wurin ne ke gadi. In maƙwabta sun yarda ku haɗa filaye, tambayi sashen namun daji na Forestry Commission, hukumar gandun daji, yadda ake kafa CREMA, wato yankin da mutanen wurin ke kula da dajinsa da namunsa da kansu.

Sai wuta, wadda ita ce babbar maƙiyiya. Kafin hunturu ya kama a Disamba, a share hanya mai faɗi kewaye da filin, ƙasa tsirara, ko busasshen ganye kada a bari. Ka ba 'yan sa-kan kashe gobara adda da takalman roba.

Yanzu ka zaga filin a hankali. Duk kututturen da ya yi toho, zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, yadda manoman Maraɗi suka dawo da itatuwansu tun shekarun 1980. Saiwar tana nan da rai, za ta riga dashe girma. Inda babu komai, nan ne za ka dasa itatuwan katako irin su ofram da emire da wawa, a Afrilu ko Mayu in ruwa ya zauna. Je FORIG, cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua kusa da Kumasi, ka nemi shawara kan iri. Ni dai ban son itacen tik (teak): ƙarƙashinsa fayau, tsuntsu ba ya samun abin ci.

A dokar Gana, itacen katako da ya fito da kansa yana hannun gwamnati, wanda ka dasa kuwa naka ne. Don haka rubuta abin da ka dasa, ka kai ofishin gandun daji na gundumarku a yi rajista.

Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an haramta farauta, sai akrantie (babban ɓeran daji da ake ci) kaɗai, shi ma da lasisi. Roƙi liman ya tuna wa jama'a ranar Juma'a kafin Agusta ta shigo.