Yadda ake shirya bikin ƙaddamar da sabon Littafi Mai Tsarki a ƙasar Kecuwa

Kafin ma a yi maganar rana ko wuri, abu na farko shi ne ka san da wane irin Kecuwa, yaren mutanen tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, aka fassara littafin. Mutane suna ɗauka yare ɗaya ne, to ba haka bane, miliyoyin mutane ne ke jinsa a Peru da Bolibiya da Ekwado, amma mutumin Kusko da mutumin Ankash, duk a cikin Peru, in suka haɗu da ƙyar suke fahimtar juna. Shi yasa kowane yanki da nasa littafin: na Ayakuco ya fito a 1987, na Kusko 1988, na Cimboraso a Ekwado 1989. Don haka gayyatar da waƙoƙin da mai jawabi duk su zama da bakin mutanen da aka yi wa fassarar.

Sai sa rana. A tsaunukan Andes damina tana farawa wajen Nuwamba ta kai Maris ko Afrilu, hanyoyi su lalace, ƙasa ta zabtaro ta tare titi. Ku zaɓi tsakanin Mayu da Satumba, sannan kar ku buga kati sai kwalayen littafin sun iso an buɗe an gani da ido, don galibi a wata ƙasa ake buga su kuma jirgin ruwa ba ya sauri. Baƙi daga nesa a ce musu su zo da wuri su huta, Kusko kaɗai tsayinta ya kai wajen mita 3,400, mutum sai ya ji kansa na sarawa numfashi na yankewa, masu gari shayin ganyen koka suke ba baƙo.

Kwamiti kuma kar coci ɗaya ta riƙe. Yawancin mutanen wajen ƴan Katolika ne, ga kuma majami'un bishara da yawa a ƙauyuka, to a je wa fada na cocin Katolika a je wa fastoci, a gaida magajin gari da shugabannin ƙauyuka tun da wuri. Suna da aikin gayya nasu da suke kira minka, da shi za a yi komai, wannan ƙauye ya kawo dankali, wancan itace, wani tumaki.

Ranar biki ana farawa da jerin gwano a cikin gari. Kowane ƙauye da tutarsa da kayan gargajiyarsa, maza da fonco, mayafin ulu da ake zura kai a tsakiyarsa, mata da manyan siket masu launi da huluna, masu busa da masu garaya da goge suna gaba, kwalayen littafin kuma a ɗora wa jaki ko lama, dabbarsu mai kama da ƙaramin raƙumi, su shigo fili jama'a na kallo. A wurin taro fastoci su ɗora hannu su yi addu'ar keɓewa, a kira masu fassara ƴan gari a miƙa musu kwafin farko, mutanen nan wasunsu sun fi shekara ashirin a kan aikin, wasu ma sun rasu kafin a gama, to a kira iyalansu su karɓa.

Nan ne ni dai nake ganin ake yawan ɓata abu: jawabai su yi yawa, manyan baƙi su yi ta zuba Sifaniyanci har rana ta yi, littafin da aka taru dominsa ba a buɗe ba. A rage jawabi, a karanta. Tsohuwa ɗaya, saurayi ɗaya, yarinya ƴar makaranta, kowa ya ɗauki Zabura ko wani sashe na Bishara ya karanta da ƙarfi a lasifika. Amma fa sai an horar da su tun makonni kafin ranar, saboda da yawa sun iya yaren tun suna goye amma a makaranta Sifaniyanci aka koya musu karantawa, ga kuma rigimar rubutu, gwamnatin Peru ta tsayar da wasula uku a 1985 alhali wasu a Kusko har yau biyar suke rubutawa. Wanda bai saba ba sai ya yi ta in'ina a gaban jama'a.

Abinci facamanka ne, a haƙa rami a gasa duwatsu su yi zafi sosai, a jera nama da dankali da wake a rufe da ganye da ƙasa. A tambayi fastoci kan abin sha, cica ta masara mai tsami tana sa maye kuma majami'un bishara da yawa ba sa sha.

Teburin sayarwa a yi shi fiye da ɗaya, a sa farashin da manomi zai iya biya, a tanadi canji da leda don ruwa. A gefe a ajiye tabarau na karatu don tsofaffi, da wanda zai tura wa mutane karatun murya a waya ko memori. Kafin motoci su tashi kowane ƙauye ya rubuta sunan wanda zai riƙa koyar da karatu da ranar da za a fara ajin.