Idan likita ya ce a yi hoton nukiliya na huhu, ga yadda ake shiryawa

Jama'a wannan na masu dauke da HIV ne da masu jinyarsu, musamman wanda busasshen tari ya ki ci ya ki cinyewa, ga zazzabi, ga haki ko bandaki ya taka, amma an dauki hoton kirji ya fito fes. Hakan na faruwa da nimoniyar nan da ake kira PCP, wadda ta fi kama mutum in CD4 dinsa, wato adadin kwayoyin garkuwar jiki a jini, ya yi kasa da 200, da farko-farko eksire ba lallai ya nuna ta ba. Shi ya sa likita kan iya cewa a yi hoton nukiliya, wato a sa maka magani mai burbushin nukiliya a jiki, kyamara ta duba inda ya taru.

Ni dai shawarata kar a fara da nukiliyar. A kai kaki a gwada tarin fuka da na'urar GeneXpert, a duba CD4, in an rasa bakin zaren sai likita ya rubuta takardar hoton. A nan Abuja National Hospital na da sashen hoton nukiliya, amma ka fara zuwa ka tambaya ko maganin yana kasa, don daga waje ake kawo shi kuma kullum karfinsa raguwa yake, ba a jibge shi a sito.

In hoton da ake yi da maganin galiyom 67 ne, allura za a maka a jijiya ka tafi gida abinka, sai bayan awa 48 zuwa 72 ka dawo. Ka cire sarka da makulli da canjin aljihu, ka kwanta a wani siririn gado, kyamarar ta sauko daf da kirjinka kamar za ta taba ka amma ba ta tabawa, ba zafi, aikinka kawai kar ka motsa ko da hanci na kaikayi. Maganin taruwa yake inda kumburi yake. PCP takan haska huhun biyu gaba daya, tarin fuka da limfoma, wato dajin kaluluwa, sun fi nunawa a kaluluwar tsakiyar kirji, shi kuwa dajin Kaposi ba ya daukar galiyom.

In hoton PET aka ce, maganinsa suga ne mai burbushin nukiliya, sai ka yi kamar awa 6 ba ci, ruwa zalla, banda shayi banda lemo, bayan allura ka zauna shiru awa daya. Mai ciwon suga ya fada tun ranar karbar lokaci.

Mai ciki ko mai shayarwa, dan Allah ki fada kafin allura ba bayan an yi ba. ARV da Septrin kuma a ci gaba da sha sai in likita ya ce a tsaya.

Hoton wuri yake nunawa, ba ya fadin sunan kwayar cutar, don haka a mayar wa likitan da ya turo ku ya hada da sauran gwaji. In kuma numfashi ya fara gagara ko lebe ya canza kala, kar a zauna jiran ranar hoto, a wuce imajensi a daren.